Nguru, Ƙarshen Layi: Wane ne Ɗan Gari a Garin da Jirgi ya Tara?

Ƴan uwa ɗalibai da samari, tun watan Fabrairu na 2021 da aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, maganar jirgin ƙasa ba ta bar bakin mutane ba. Layin zai yi wajen kilomita 284, ya bi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya kafin ya tsallako iyaka, kuma kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ne ke aikin. A duk fadar da aka aza shayi, sai ka ji an rabu gida biyu. Wasu su ce in jirgi ya iso, to talauci ya kama hanya. Wasu su ce ina, Najeriya ce kawai za ta zuba muna kayanta ta kwashe namu. A sha na fari, a sha na biyu, har a kai na ukku kowa na bisa bakansa.

Ni ina ganin gardamar za ta fi amfani in muka dubi garin da ya riga ya ga farkon irin wanga labari, ya kuma ga ƙarshensa. Ba sai mun tafi nesa ba. Ga Nguru nan kudu da ƙasar Damagaram, garin da jirgi ya ɗaukaka, daga baya ya juya masa baya. Tarihinsa yana aza muna tambayoyi biyu da nike son mu tauna tare. Ta farko: abin da aka gina don a kwashe arzikinka, yana iya zame maka alheri? Ta biyu: a garin da jirgi ya tara mutane daga ko'ina, wane ne ɗan gari, wane ne baƙo, kuma mi kowane ke bin ɗan uwansa?

Kafin jirgi ya zo

Nguru yana arewa maso yammacin jihar Yobe, cikin shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai rairayi, irin wadda ɗan Magarya ko ɗan Gure zai gani ya ce gida yake. Babu dutse, babu tudun kirki, ido na tafiya har ya gaji. Kudu da gari akwai fadamu da tafki waɗanda ruwan kogin Haɗeja ke cikawa. In ka yi arewa ta Machina kuwa, ba ka daɗewa ka shigo ƙasarmu.

Garin ya daɗe da suna. Tun ƙarnuka kafin Bature ya taka ƙasar nan, a Nguru Galadiman Barno ke zaune, shi ne wanda Mai ya ɗora wa tsaron yammacin daula, inda Barno ke haɗuwa da ƙasar Hausa. Ƙasashe irin su Muniyo da Damagaram, masu kai gaisuwa Barno a lokacin, suna ta wannan gefen da idonsa ke kai. Mangawa da sauran Barebari ke zaune a wurin, Badawa na maƙwabtaka da su, Fulani na kiwo, fatake na wucewa da kanwa da gishirin Manga. A ƙarni na 19, bayan yaƙe-yaƙen jihadi da sauyin sarauta a Barno, ƙarfin Galadima ya yi ta raguwa, garin ma ya ja baya. Ke nan jirgi tsohon gari ya tarar, mai suna amma ƙarfi ya tafi, sai ya kafa sabo a gefensa. Har yau akwai unguwar da ake ce wa Tsohon Nguru.

Don mi aka ja layin?

Jirgi ya iso Kano a 1911, a 1912 aka haɗe shi da Legas. Turawan Ingila auduga suka sa wa rai, don masaƙunsu na can gida. Manoman Kano suka yi nasu lissafin, suka ga gyaɗa ta fi: kuɗɗinta ya fi kauri, kuma in kasuwa ta faɗi ana iya cin ta, auduga kuwa ba ta shiga tukunya. Attajirai irin su Alhasan Ɗantata suka shiga saye, har aka kai ga dalar gyaɗar nan da muke gani a hoto. Da Bature ya ɗanɗana ribar, sai ya miƙa hannu gaba. Reshe ɗaya ya tashi daga Zariya ya bi ta Gusau ya tsaya Ƙaura Namoda a 1929. Ɗayan ya tashi daga Kano, ya bi ta Ringim da Malam Madori, ya tsaya Nguru wajen 1930, tafiyar kamar kilomita 230.

Ku ɗauko taswira ku duba, kamar yadda mushe ke sa mu yi a aji. Rassan nan biyu duka sun nufo iyakarmu, suka tsaya kafin su iso. Babu layin da ya haɗa Nguru da Ƙaura Namoda kai tsaye, babu wanda ya haɗa Sakkwato da Barno. Duk inda ka hau, bakin teku za ka sauka, daga Nguru zuwa Legas fiye da kilomita 1,300. Wanda ya ja layin nan bai ja shi don ɗan Barno ya ziyarci ɗan Zamfara ba. Jirgin ruwan da ke jira a Legas shi ne a ransa. Haka ma aikin ginin bai zo da daɗi ba: a layin Baro zuwa Kano, ta hannun sarakuna da hakimai aka riƙa ɗibar lebura daga ƙauyuka. Haraji kuma, wato lanho namu, sai da tsabar kuɗi ake biya, saboda haka ko manomi bai so ba sai ya shuka abin da kanti ke saye.

Abin da jirgi ya tara

Nguru ya zama matattara. Gyaɗa, auduga, fatu da ƙiraga, busasshen kifi daga wajen tafkin Cadi, duk a nan ake tara su. Akwai ƙaro, wanda ake tsinta jikin dakwara, Turawa na sa shi cikin alewa da magani da tawwada, Nguru na cikin manyan wuraren tara shi a Najeriya. Akwai shanu, da yawansu daga ƙasarmu aka koro su. Wadda ke da jiki a loda ta cikin tarago da ranta. Tsohuwa ko ramammiya, wadda ba za ta biya kuɗin mota ba, a yanka ta, a tafasa naman, a yi bandarsa, ya rage nauyi ya kuma daɗe bai lalace ba, sannan a cika buhuna a aika Ibadan da Legas. Wagga sana'a ta busasshen nama ta ciyar da gidaje masu yawa, daga mahauta har masu kawo itace.

Mu ma abin ya shafe mu. Gyaɗar Maraɗi da Damagaram da Magarya shekaru da yawa ta layin Najeriya take fita. Faransawa ba su ji daɗin haka ba, shi ya sa a shekarun 1950 suka shirya abin da suka kira Hirondelle: kamiyoyi su hauro da kaya daga Faraku, inda jirgin Kwatano ya tsaya, su koma da gyaɗa. Kowane Nasara na jan buhun manomi zuwa tashar ruwansa.

Bayan kaya sai mutane. Akawuna, direbobin jirgi, makanikai da shugabannin tasha, da yawansu daga kudu suka zo, Yarbawa da Ibo da sauransu. Manyan kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna da sikeli, Kwarori suka biyo su. Hausawa suka zubo daga Kano da Haɗeja da Damagaram, har unguwa guda ta samu sunan Hausari a bakin Barebari. Ga dillalai, ga fatoma mai saukar da baƙi, ga ƴan dako, ga mata masu tuwo-tuwo.

Daga nan halin garin ya fito. Garin da ke tsakiyar layi, jirgi kan tsaya mintoci ya wuce. Ƙarshen layi kuwa nan jirgi ke kwana, nan ma'aikatansa ke kwana, duk mai son ci gaba dole ya sauka ya nemi raƙumi ko mota. Abincin garin gaba ɗaya a saukewa da ɗorawa yake. Irin wanga gari yana koyon abin da ƙauye bai sani ba. Yana koyon agogo, don jirgi ba ya jiran a gama gaisuwa. Yana koyon albashin wata da gidan haya. Yana koyon yarda da wanda ba danginka ba: mutum ya loda buhu ɗari zuwa ga wani a Ibadan wanda sau ɗaya yake gani a shekara, kuɗinsa kuma su dawo cif. Ma'aikatan reluwe ne ma suka ja gaba a yajin aikin gama-gari na 1945 ƙarƙashin Michael Imoudu, wanda ya wuce kwana 40. Sai dai ba a rasa ɗaya gefen. Inda kuɗi ke yawo hannun mutanen da iyayensu ba su ganinsu, akwai caca, akwai giya, akwai karuwanci, akwai mai danne sikeli da ƙafa. Kuma mutane da yawa zama suke da ƙafa ɗaya a waje, suna jiran aljihu ya cika su koma gida.

Niyya da amfani

To mu dawo ga tambaya ta farko. Wani abokinmu zai ce: abin da aka gina da mugun nufi ba ya haifar da alheri, duk abin da Nguru ya samu ɓarɓashi ne da ya zubo daga buhun ɓarawo. Wani ya ce: kai dai bar zancen niyya, mutane sun ci, sun yi aure, sun tafi Makka, sun sa ƴaƴansu lakkol, mi ya rage?

Kowane ya riƙe rabin gaskiya. Ku ɗauka wani mahari ya gina rijiya don ya shayar da dawakinsa in ya zo kai hari. Bayan ya tafi, mutanen ƙauye suka ci gaba da sha. Ruwan nan ruwa ne, yana kashe ƙishirwa, kuma wauta ce a ƙi shan sa don haushin wanda ya gina. Ba kuma dole ne a gode masa ba, tunda ba don su ya yi ba. Niyya tana auna mai aikin, ba ta sa wa ruwan ɗaci. Har nan na bi abokinmu na biyu.

Amma akwai abin da ya manta. Mahari a ina ya gina rijiyar? A bakin hanyar da ta dace da shi, ko da ta yi wa ƙauye nisa. Ranar da ya sauya hanya kuma, ba ya dawowa yasa. Niyyar mai gini ba ta tafiya tare da shi, tana zama cikin siffar abin da ya gina. Layin da ya nufi teku kaɗai, ko bayan Bature ya tafi a 1960, teku yake nufa. Fata ta fita ɗanya ta dawo takalmi, gyaɗa ta fita a buhu ta dawo sabulu, ribar tsakani kuwa a wata ƙasa ta kwana. Alherin da Nguru ya samu na gaske ne, amma aro ne, yana nan muddin mai kwasa na da bukata.

Saboda haka godiya ko tsinuwa duka ba su ne aikinmu ba. Aikinmu lissafi ne: cikin abin da ya ratsa garin, nawa aka tsayar? An gwada. An kafa mayanka ta zamani mai ɗakin sanyi a Nguru, an kafa masana'antar matse man gyaɗa. Waɗannan yunƙuri ne na cewa kaya su ɗan zauna a yi musu aiki kafin su wuce. Sai dai su ma da ƙafar jirgi da ta gyaɗa suke tsaye.

Da jirgi ya ja baya

Abin bai faɗi rana ɗaya ba. A 1964 wani sabon layi ya isa Maiduguri ta Bauci da Gwambe, kayan Barno da dā sai sun zo Nguru suka samu wata ƙofa. Farin 1973, wanda iyayenmu ma ba su manta ba, ya kashe shanu ya ƙone gonaki. A 1975 cutar gyaɗa da ƙananan ƙwari ke yaɗawa ta gama da abin da ya saura, dalar gyaɗa ta ɓace daga Kano. Kuɗin fetur ya shigo, gwamnati ta juya ga kwalta, tirela ta ƙwace lodin tarago, tunda ita tana kai kaya har ƙofar shago. Babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri ta bi ta Azare da Potiskum, can kudu da Nguru. A 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, hukumar reluwe kanta ta durƙushe, jirgin Nguru ya koma na jefi-jefi, wani lokaci a daɗe ba a ji kukansa ba. Da aka ƙirƙiro jihar Yobe a 1991, Damaturu aka ba babban birni.

Ku lura da abu guda: cikin duk waɗannan, babu shawarar da aka yanke a Nguru. Wasu daga sama suka zo, wasu daga Legas, wasu daga kasuwar duniya. Mutanen da rayuwarsu ta rataya ga layin, ba a tambaye su ba ranar da aka kawo shi, ba a tambaye su ba ranar da aka sake shi.

Sai aka ga wa zai tafi, wa zai zauna. Kamfani ba ya da kabarin uwa a gari, rufe ƙofa yake ya ɗauke sikelinsa. Ma'aikaci a yi masa canjin wurin aiki. Amma akwai waɗanda kakanninsu jirgi ya kawo, suka yi aure a nan, suka binne iyaye a nan, ba su san wani gida ba. Su da waɗanda jirgi ya tarar, tare suka ci gaba da riƙon garin. Nguru bai mutu ba. A ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar na da mutum wajen dubu 150. Kasuwa na ci, ana kamun kifi, ana noman shinkafa a fadama, shanu na tafiya kudu cikin tirela. Ko ruwan ma ba a bar musu shi lafiya ba: madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992, can ƙasar Kano, sun sauya yadda ambaliya ke zuwa, ciyawar kacala ta toshe magudanu. Duk da haka mutane na nan suna fama.

Baƙo raɓa ne?

Ga tambaya ta biyu. Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba: rana na fitowa raɓa ta tashi, kaba kuwa na nan rani da damina. Magana ce mai daɗin faɗi, amma a gari irin Nguru wa za mu kira raɓa?

Amsar da aka fi bayarwa ita ce asali: ɗan gari shi ne wanda kakansa ya sari dajin. A Najeriya har takardar shaidar asali ake bayarwa, kuma tana iya buɗe wa mutum ƙofar aiki ko tallafin karatu, ko ta rufe masa, ko da a garin aka haifi ubansa. To amma daga wace shekara za a fara ƙirga? Maraɗi da muke taƙama da ita, Katsinawan da jihadi ya koro ne suka kafa ta a farkon ƙarni na 19, kuma sun tarar da mutane a kwarin. Garin da muke ciki yanzu ma sai bayan ambaliyar 1945 aka hauro da shi bisa tudu. Zangon Damagaram masaukin ayari ne tun asali, yau wa zai ce wa ɗan Zango baƙo? In muka bi asali har ƙarshe, kowa zai tarar da kakansa riƙe da sanda yana tambayar hanya.

Wasu kuma a aikace dukiya suke dubawa: mai kanti, mai gidan sama, shi ake tashi a ba kujera. Tarihin Nguru ya amsa wannan da kansa, tunda waɗanda suka fi kowa kuɗi su suka fara tafiya.

Ni abin da na fi gamsuwa da shi shi ne: ɗan gari shi ne wanda asarar garin asararsa ce. In rijiyar unguwa ta rushe, ransa ya ɓaci, ya sa hannu a aljihu. In makarantar unguwa ta lalace, abin ya dame shi ko da ɗansa ba ya ciki. Ana ganinsa wurin jana'iza da wurin gayya, yana shuka icen da ba lalle ya sha inuwarsa ba. A lokacin ciniki ba a gane irin wanga mutum, don kowa na dariya. Sai jirgi ya daina zuwa ake sanin kaba da raɓa, kuma sau da yawa sai ka tarar wanda ake kira baƙo ya zauna, wani mai asali ya sayar da gidan gado ya koma Kano.

Amma fa igiyar tana da baki biyu. Zama ba a hannun baƙo kaɗai yake ba, sai gari ya bar shi ya zauna. A 1966 an kashe dubban ƴan kudu, akasari Ibo, a garuruwan arewacin Najeriya. Waɗanda suka tsira, da yawansu jirgin da ya kawo iyayensu shi ya kwashe su, suka bar gidaje da shaguna da maƙwabtan shekara talatin. Ba su suka zaɓi zama raɓa ba. Ko ba a kai ga jini ba, mutumin da kullum ake tuna masa cewa ba nan ne gidansu ba, ba zai gina na siminti ba, kuɗinsa a jaka zai ajiye, ya aika can inda ya san ba mai korarsa. Sannan mu juyo mu ce: kun gani, ci kawai suka zo yi. Mu muka hana shi saiwa, muka kuma zarge shi da rashin ta.

Mai ci rani fa?

Na san abin da wani zai ce, kuma maganarsa na da nauyi. Zai ce: malam, wa ya ce dole mutum ya mutu da yunwa don kunyar gari? Mu kanmu ƴan tafiya ne. Yayyenmu na Legas da Kwatano da Abijan, wasu na Libiya da Aljeriya, wasu na ramukan zinariya a Jado. Inda abinci yake nan ake zuwa, in ya ƙare a ƙara gaba. Laifi ne?

A'a, tafiya ba laifi ba ce. Ɗan dakon da ya bar Nguru don babu sauran buhun ɗauka, ba wanda ke bin sa bashi, ƙarfinsa ya sayar an biya shi, ya ma bar wa garin guminsa. Bashin gari gwargwadon abin da ka ɗiba ne. Wanda ya shekara arba'in yana auna gyaɗar talakawa, ya yanka dubban shanu, aka sare dajin kewaye don bandar namansa, sannan ya tafi bai bar ko aji guda ko rijiya ba, wannan shi ne da magana a kansa, ko Bature ne, ko Kwara, ko Alhajin da aka haifa a bakin kasuwar garin. Mai ci rani kuma ya kamata ya fi kowa fahimtar zancen, don ya san zafin a ce masa baƙo a garin da ya gina da hannunsa. Abin da muke so a yi wa yayanmu a Abijan, shi ya kamata mu yi wa wanda jirgi zai sauke muna.

Kafin a busa usur a Maraɗi

Mu a Nijar mun riga mun ga cewa ƙarfe kaɗai ba ya kawo komi. Tsakanin 2014 da 2016 an shimfiɗa layi daga Yamai zuwa Doso, wajen kilomita 140, har da tasha, amma bai haɗu da Faraku ba, bai zama hanyar kaya da fasinja ba. Mun kuma ga yadda ƙofa ke rufuwa daga waje: Najeriya ta rufe iyaka a watan Agusta na 2019 fiye da shekara guda, aka sake rufe ta a 2023 lokacin takunkumin CEDEAO. Kowa ya tuna yadda farashi ya yi a kasuwa. In jirgin Kano ya iso, Maraɗi ce za ta zama ƙarshen layi, kamar yadda Nguru ya zama, kuma makullin layin a wata ƙasa zai kwana.

Wannan ba dalilin ƙin jirgi ba ne. Dalili ne na shiri tun yanzu. Manomin da gonarsa ke kusa da inda tasha za ta zauna, dillalan filaye za su zo masa da jikkunan da bai taɓa riƙewa ba. Mu da muka yi lakkol, haƙƙinmu ne mu zauna da baba ko kawu mu yi masa lissafin abin da filin zai zama bayan shekara goma, mu karanta masa takarda kafin ya dangwala hannu. Mu tambayi kanmu wa zai gyara injin, wa zai riƙe lissafin sito, wa zai yi walda: mu ne, ko kuwa za mu tsaya ga dako da kabu-kabu a ƙofar tasha muna zagin waɗanda suka koyi aikin? Mu dubi abin da muke da shi, aya da riɗi da wake, albasar Galmi, fatar jar akuyar Maraɗi da duniya ta sani, mu nemi yadda za a jeme, a matse, a niƙa, a ɗinka a nan kafin a loda. In ba haka ba, tarago zai zo cike da kayan kanti ya koma cike da ɗanyen kaya, mu maimaita karatun da Nguru ya riga ya biya kuɗinsa.

Sannan baƙi za su zo, wannan babu makawa. Za su zo da harsunansu da abincinsu da addininsu, wasu nagari, wasu ƴan damfara, kamar dai yadda muke. Ranar da na farko ya ƙwanƙwasa ƙofa yana neman ɗakin haya, ko fili, ko gurbi ga ɗiyarsa a lakkol ɗin unguwa, amsar da za a ba shi ita za ta nuna irin garin da za a samu bayan shekara hamsin, lokacin da wata sabuwar hanya ta ɓullo jirgin nan shi ma ya ja baya. Ina roƙon kowace fada da kowane kulob na ɗalibai, daga Tawa har Damagaram, a ware zama guda a tattauna wannan, kuma a gayyato tsofaffin da suka yi fataucin shanu ko gyaɗa zuwa tashoshin Najeriya. Suna nan da ransu a unguwanninmu, sun ga abin da idonsu, a tambaye su tun ana iya tambaya.